Baba Ya Ce Sai Misira

Ranar da Baba ya ce sai ya koma Misira, ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Abbaganaram a Maiduguri ina cin burabusko da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan waya. Asabar ce. Na taso daga Mairi, inda muka kama ɗaki ni da ƙawata kusa da jami'a, na kawo wa Mama wanki da yunwa kamar yadda na saba. Sai ga Yaya, babban wanmu, ya shigo da ambulan ɗin asibiti a hammata, fuskar nan ba annuri. Ya durƙusa gaban Baba ya ce likita ya duba sakamakon gwaji, ciwon nan na shekara biyu da suka wuce ya dawo, sai an sake yin aiki.

"Amma ya ce ƙaramin aiki ne, Baba. A nan ma za su yi. Ya ce dai kada a wuce sati uku, don abin ya fara taɓa ƙoda."

Baba ya gyara zaman hularsa ya ce, "Misira zan koma."

"Fasfonka ya ƙare tun bara."

"A sabunta."

"Ga biza kuma. Kafin a gama duk wannan an ci wata biyu."

"To a fara yau, tunda doguwa ce."

Na kalli Mama, Mama ta kalli tukunya. Wallahi kaina ya ɗau caji a wurin. Don ku gane, Babana ba ɗan gayu ba ne. Yadi da shadda yake sayarwa a kasuwa tun ba a haife ni ba, wayarsa mai maɓallai ce, kuma ko Kano ba ya son zuwa saro kaya, Yaya yake aika. A unguwa shi ne waliyyin kowace amarya da ba ta da kawu a kusa, shi ne ake kira in maƙwabta sun yi rigima kan magudanar ruwa. Mutumin da ke cewa jirgin sama akwatin gawa ne mai fuka-fuki, shi ne yau yake cewa sai jirgi.

Abin da na sani game da karon farko ba yawa. An ce mana ciwon ciki ne. An kwantar da shi kwana uku a wani asibiti a nan cikin gari. Lokacin ina aji ɗaya a jami'a, ina ji da kaina, yatsana ya fi bakina sauri. Kafin a gama ba shi gado na ɗora a sitatus cewa a taya mu da addu'a, Babanmu ba lafiya, ga sunan asibiti, ga ɗaki, ga lambar gado. Na tura guruf ɗin dangi, na tura na unguwa, har na 'yan ajinmu bai tsira ba. Jama'a kuwa suka amsa. Goggo, yayar Baba, ta dafa kaina a bakin ɗakin ta ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta tara wa ubanta mutane. Na yi kwana uku ina shan ƙamshi. A rana ta huɗu Baba ya ce a sallame shi, bayan sati biyu Yaya ya raka shi Kairo, aka yi masa aiki, ya dawo fes da tsarabar jallabiyoyi. Iya nan na sani.

To yanzu, da yake ni ce ministar waya ta gidan, Baba ya ɗora mini aikin magana da tafintansa, wani dattijo Bashuwa da ya daɗe da zama a Kairo yana yi wa marasa lafiyarmu jagora. Na yi masa sallama a rubuce, ya amsa da saƙon murya mai minti huɗu, uku a ciki gaisuwa ce. Na tambaye shi kai tsaye, ko akwai wata na'ura ce a can da babu ita a nan? Ya ce shi dai ya tambayi likitan da ya yi aikin farko, likitan ya ce irin wannan aikin kowane likitan sashen yana yin sa, kuma in an ce ƙoda ta fara taɓuwa to kada a jira biza. Na kunna wa Baba saƙon har sau biyu.

Ya ce, "Madalla. Ki ce masa ya nema mini ɗakin nan na da, mai kallon titi."

Kowa a gidan da nasa fassarar. Mama ta ce hannun likitan can ne ya karɓe shi, wanda ya sha ruwan rijiya ya ji daɗi ba ya neman wata. Yaya ya ce ba wani nan, tsufa ne, tsoho in ya kafe ya kafe. Ƙawata ta Mairi ta ce ai duk wanda ya hau jirgi sau ɗaya ya ga an kawo masa abinci a faranti mai rabe-rabe, an gama da shi. Ni kuma na ce duk ba ku gane ba, fayil ne. Tarihin ciwonsa yana can, yana tsoron a fara masa daga farko. Na ji ni wata ƙwararriya. Cikin kwana biyu na sa tafinta ya karɓo takardun ya ɗauko su a hoto, na kai shagon buga takardu na bakin jami'a aka fitar mini da su, har na sa aka yi musu bango mai sheƙi. Na kai wa Baba ina jiran a ce Allah ya yi albarka.

Ya juya shafi biyu ya ce, "Kin kyauta. Ki ajiye mini, da su zan tafi."

A keke, kan hanyar komawa Mairi, na zauna na karanta takardun da kaina, ina saka kalmomin likitanci a waya tana fassara mini. A nan na gane ciwon cikin nan ba ciwon ciki ba ne. Wani abu ne irin na dattawa maza ya kumbura ya tare masa hanyar fitsari. Na rufe takardun da sauri kamar mai keken yana karantawa ta madubi. Shekara biyu ina cewa olsa ce, har ina ba shi shawarar ya rage yaji.

Sati na farko ya wuce, na biyu ya kama. Yaya yana ta zirga-zirgar fasfo, kullum a ce ya dawo jibi. Baba kuma yana ta raguwa a gabanmu. Watan zafi ne, irin zafin Maiduguri da ko inuwar maina ba ta yi maka komai, amma mutumin nan ya daina shan ruwa sai kurɓi ɗaya. Shayin safe ya bari. In ya je masallaci, ana sallamewa zai taso, shi da yake zama har a gama hira. Buta kullum tana gefensa. Na ga ƙafafunsa sun kumbura har takalminsa ya daina shiga, ya koma sa silifas ɗin Yaya. Mama ta daina yi mini faɗan wanki, abin da ya fi komai tsorata ni ke nan.

Ranar Laraba ba ni da lakca da rana, Mama ta kira ni ta ce in biya kasuwa in karɓo masa magani wajen Oga mai kemis. Oga ɗan ƙabilar Ibo ne, shagonsa yana jikin na Baba fiye da shekara talatin. Hausarsa ta fi tawa, Barbarcinsa ma yana cin abinci. Tare suke cin gyaɗa da Baba, tare suke zagin masu kawo wuta. Da ya gan ni ya ture tabarau zuwa goshi.

"A'a, 'yar jarida. Yau wane labari za ki buga?"

"Oga, ni fa ba na son sunan nan."

"Ni na raɗa miki? Aikinki ya raɗa miki. Yaya jikin abokina?"

Na ce da sauƙi, irin da sauƙin da ake faɗa. Ya kalle ni, sai na ji bakina ya ɓalle. Na gaya masa komai, ƙafa, ruwa, fasfo, saƙon tafinta, fayil mai bango. Na ce ni na rasa gane me ke cikin Misirar nan, ko asiri suka yi masa.

Ya sallami wata mata da ta zo sayen maganin tari, sannan ya jawo mini benci.

"Zauna. Kin tuna lokacin da aka kwantar da shi a nan?"

"Ƙwarai. Ni ce ma na sanar."

"Na sani ai. Ni ma ta wajen yaron shagona na ji, shi kuma a wayarsa ya gani. Na je rana ta biyu. Kin san me na tarar? Ɗakin nan kamar gidan suna. Mata da lafaya sun shimfiɗa tabarmi har baranda, kuloli sun fi gadaje yawa. Surukansa suna nan, iyayen matar Yayanki da dangin mijin yayarki. Mutanen masallaci suna nan. Kowa ya shigo sai an yi wushe wushe irin gaisuwarku ta Barebari, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, an tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma yana kwance an sa masa roba, ga ledar fitsari a rataye a gefen gado."

Na ce ni ban ga wata leda ba.

"Ba za ki gani ba, kina waje kina karɓar baƙi. Mamanki ta rufe ta da tawul. Wani bawan Allah ya zo ya janye tawul ɗin zai goge hannu bayan ya ci abinci. A gaban surukai. Wata jikarsa ta tambaya da ƙarfi ko zoɓo ne, don akwai jini a ciki. Aka yi dariya, ba da mugunta ba, don a rufe kunya. Daga wannan ranar ya daina shan ruwa, wai kada ledar ta cika a gaban mutane. Ciwon nan kuma yana da zafi, 'yar jarida. Kwana uku mutumin nan bai yi nishi ko ɗaya ba, yana ta amsa kalewa, kalewa, lafiya lau."

Ban san lokacin da na kife wayata a cinya ba.

"Da ya dawo daga Misira, a kan bencin nan da kike zaune ya ba ni labari. Bai ce mini komai kan likita ba, bai ce komai kan na'ura ba. Cewa ya yi, Oga, a can na yi nishi son raina. Na riƙe ledata a hannu kamar mai zuwa cefane ina yawo a baranda, na haɗu da wani tsoho shi ma da tasa, muka ɗaga wa juna hannu. Ba wanda ya san ni waliyyin kowa ne."

Na ce, "To me ya sa bai gaya mana ba? Kai ya gaya wa?"

"Ni ba surukinsa ba ne, ba ɗansa ba ne, ba na bin sa salla. Me zai rage a idona?" Ya ƙulle maganin a leda ya miƙo mini. "Kada ki ce ni na faɗa. Ko da yake zai gane."

Na fito kasuwar ban san ta wace ƙofa na bi ba. Abin da ya ruɗa ni shi ne, ai dubiya lada ce. Haka aka koya mana a gida, haka aka koya mana a Islamiyya. Baban nan da kansa, in aka ce wani a unguwa ya kwanta, shi ne na farko a bakin gado da ledar lemo. In mutum ya kwanta asibiti ba a cika ɗakinsa ba, cewa ake yi ba shi da mutane. Ni na ɗauka gata na yi masa. To yanzu laifi na yi ko lada na samu? Na tsaya a bakin titi keke uku suka wuce ni ina wannan lissafi.

Na kira Yaya na ce ya same ni. Da na gaya masa sai ya ce shi fa ya ga Baba a Kairo yana yawo a baranda yana murmushi, ya ɗauka allurar barci ce ba ta gama sakinsa ba. Washegari muka je wajen likitan da ya ce a yi aikin a nan, wani mutumin kudancin Borno mai sanyin magana. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, ni na gaji na faɗi abin yadda yake. Likitan ya yi 'yar dariya.

"Babanku ba shi ne na farko ba. Ina da marasa lafiya da ke tsallako iyaka daga Chadi da Nijar su zo wurina, wasu kuma na san akwai mai yi musu aikin kusa da gida. Su warke su tafi, in abu ya sake tashi su dawo nan. Da na ɗauka ƙwarewata ce."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina zargin har da cewa ba su da dangi a garin nan." Ya ce yana aiki a wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari, akwai ɗaki na mutum ɗaya, zai iya sa a manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga. "Amma takarda ba ta taɓa hana goggon kowa shiga ba. Maganin yana wurinku. Kuma ku yi sauri, sakamakon jiya bai yi mini daɗi ba."

Matsalar ita ce wa zai yi wa Baba maganar. Yaya ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Mama ta ce shekara arba'in ba ta taɓa ambatar irin wannan a gabansa ba, ba za ta fara yau ba. Ni kuma 'ya mace, autar gida, in je in ce wa ubana me? Na yi ta shirya jimloli a kaina, kowacce sai ta bi ta kan ledar nan, sai in watsar.

Bayan la'asar na same shi a ɗakinsa yana zaune kan darduma, ya miƙe ƙafafun nan da suka kumbura. Na durƙusa na gaishe shi. Sai na ciro wayata, na kashe ta a gabansa har ta yi ɗan kukanta na mutuwa, na ajiye a gefen carbinsa.

"Baba, ajiya na kawo."

Ya kalli wayar, ya kalle ni. "Ta kwana nawa?"

"Sai ranar da ka ce."

"Ke? Ke da ko salla kika idar sai kin duba ta kafin ki shafa addu'a?"

"Likitan nan yana da ɗaki na mutum ɗaya a can bayan gari. Daga Mama sai Yaya. Ni ma a waje zan zauna."

Ya ɗauki carbinsa yana ja. Ina jin fankar sama tana juyawa a hankali, wuta ba ƙarfi.

"Mai kemis ɗin nan bakinsa ya fi shagonsa faɗi."

Na gyara durƙusona, shi kuma ya ci gaba.

"Goggonki fa?"

"Ba za ta ji ba."

"Za ta ji. Sai dai ta ji a makare." Ya ɗauki wayar ya juya ta kamar yana duba yadi, ya zura a aljihun gaba. "Tashi ki je, Mamanki tana kira."

Mama ba ta kira ni ba. Na fito ban san an amince ko an kore ni ba ne. Da safe sai na ji yana ce wa Yaya ya kawo mota ta ƙofar baya.

Sati guda na yi ba waya. Ku da kuke karantawa kuna ganin wasa ne. Babban yatsana ya rinƙa motsi shi kaɗai a kan cinyata. Na rinƙa jin jijjiga a jaka alhali ba komai a ciki sai biro. An sa mana tes a guruf ɗin aji ban sani ba, sai da ƙawata ta biyo ni gida ta ce ta ɗauka an sace ni. A unguwa duk wanda ya tambaya, Mama ta ce Alhaji ya ɗan yi tafiya, mutane suka ce ai Misira ce, ita kuma ba ta gyara musu ba. Ni dai ina kan benci a barandar asibiti ina kallon ƙadangaru. Ranar da aka yi aikin, da allura ta sake shi, na ji shi ta bayan ƙofa yana nishi, nishi sosai, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin Babana ba. Na rasa ko in yi kuka ko in yi murna. Na tashi na koma benci na gaba inda ba na ji.

Aiki ya yi kyau. A rana ta huɗu likita ya fito yana murmushi ya ce ƙodar ta fara dawowa hayyacinta, an kamo ta a bakin ƙofa. Na leƙa ta taga na ga Baba ya ɗaga babban kofin Mama na silba yana kwankwaɗar ruwa har yana zuba a gemunsa. Wallahi da ina da waya a lokacin da na tafka ta'asa, Allah ne ya rufa asiri. Na yi tsalle ni kaɗai a baranda, wata nas ta tambaye ni ko haihuwa aka yi mana.

Mun dawo gida da kwana biyu Goggo ta zo. Mai sayar da kunu a bakin asibitin ashe 'yar unguwarsu ce, ita ta ce mata ta ga ƙaninta ana tura shi a keken marasa lafiya. Ta shigo da kwano a hannu, lafayarta tana jan ƙasa. Na ce wushe Goggo, ta wuce ni kamar turmi. Ta zauna a gaban Baba, ta ajiye kwanon, ba ta buɗe ba.

"Sannu da zuwa daga Misira."

Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin haka ba.

"Ciki ɗaya muka fito. Ni na goye ka. Aka yanka ka a garin nan, ina gida ina tankaɗe, sai a bakin mai kunu zan ji? Da ka mutu fa? Ita za ta zo ta yi mini ta'aziyya?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba yanka ba ne sosai."

"Rufe mini baki." Ta juyo kaina. "Ke kuma, da ko ɗanwake ba kya ci sai kin ɗauke shi a hoto duniya ta gani. Ranar da ake buƙatarki hannun naki ya shanye?"

Wancan karon na faɗa, na kori ubana daga gari. Wannan karon na yi shiru, na zama mara mutunci. Na kalli Mama ko za ta cece ni, Mama ta sami wani abin yi a kicin.

Baba ya ce, "Ni na karɓe wayar. Laifina ne."

"Na san laifinka ne." Muryarta ta sauka, abin ya fi faɗan ciwo. "Da Misirar ka tafi da gaske, da ban ji komai ba. In yi maka addu'a daga nan, in jira ka dawo. Nisa uzuri ne. Amma keke ɗaya tsakanina da kai, ka rufe mini ƙofa. Me zan ce wa mutane? Ƙanina ya gwammace bango da ni?"

Ta tashi ta bar kwanon. Kunun gyaɗa ne, irin wanda take dama masa tun yana yaro in ba shi da lafiya. Ya huce a wurin ba wanda ya taɓa, sai can Baba ya ce in kawo masa ludayi, ya shanye shi da sanyinsa.

Da yamma ya kira ni ya ciro wayar daga aljihu ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

"Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji, Baba."

"Kin ɗauka ni ban san akwai likita a garin nan ba? In na tafi can, na huta, kuma ba wanda na ɓata wa rai. A nan sai dai in zaɓi ɗaya." Ya gyara zama, yanzu yana iya naɗe ƙafa. "Kin ceci ƙodata, ban ce ba ki yi ba. Amma in Allah ya sa abin nan ya sake tashi, ki sani tun yanzu, ba za ki sake yi mini wayo da ajiya ba."

Na ce Allah ya sa ma kada ya tashi. Ya ce amin, sannan ya ce fasfon dai Yaya ya ci gaba da bi.

Na kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara a kan kwano, rabi na 'yan uwa ne masu tambayar yaushe Alhaji zai sauka, wasu har da odar jallabiya. Ban amsa ko ɗaya ba, don ban san me zan rubuta ba. Har yau in aka ce wani ya kwanta asibiti, sai in tsaya da yatsa a sama ina tunani, in je ne ko kada in je, in faɗa ne ko in yi shiru, kuma ba na samun amsa ɗaya sau biyu.

Baba ya warke sarai, ya koma kasuwa, ya koma zama a masallaci har a gama hira. Amma duk Juma'a bayan an sauko, sai ya ce in raka shi Yerwa, can cikin tsohon gari, gidan Goggo, in riƙe masa ledar goro da turare. Juma'a uku na farko ta aiko a ce ba ta nan, muna jin tarinta a ɗaki. A ta huɗu ta bari ya shiga, na ji ta tana yi masa faɗa tun daga ranar da ya fasa mata tulu yana ɗan shekara shida, shi kuma yana cewa haka ne, Yaya, haka ne. Ni har yanzu ba a ba ni izinin wuce zaure ba. A nan nake zama in jira shi, sai dai makon jiya ta aiko mini da ruwan sanyi a kofi.